Kundin aikinmu na yumɓu da hatiman mutanen Kirit na dā

11 ga Janairu, 2025

Yau muka ɗora tubalin farko. Ni da ɗalibai bakwai na ƙungiyar tarihi ta makarantarmu mun ƙudura cewa kafin a rufe zango na uku za mu shirya teburin nuni guda a kan yadda mutanen tsibirin Kirit, can ƙasar Girka, suke tsare ma'ajinsu da saƙonninsu da hatimi shekara kusan 4,000 da suka shige. Ba hotuna za mu liƙa a kwali mu tafi ba. Za mu sassaƙa hatiman da hannunmu, mu kwaɓa yumɓu, mu danna, mu fasa, mu ga abin da ya rage.

Mafarin abin tambaya ce da wata ɗaliba ta yi mini a zangon da ya wuce. Na gaya musu cewa mutanen nan, waɗanda masana ke kira Minowawa saboda sarki Minos na tatsuniyar Girkawa, sun bar rubutu iri biyu, na zane-zane da kuma wanda ake kira Linear A, kuma har yau ba wanda ya warware ko ɗaya. Sai ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, in ba a karanta ba, ta ina aka san abin da suke yi da shi?" Na ba ta amsa, amma ni kaina ban gamsu da ita ba. Abin ya tsaya mini a rai har hutu.

Na fara musu da labarin Arthur Evans, Baturen Ingila mai tonon kayan tarihi. Kafin ya sa fartanya a Knossos, tsohon birnin Minowawa a Kirit, a 1900, hatimai ne suka ja shi zuwa Kirit a 1894. Ya tarar matan ƙauye suna rataya ƙananan duwatsun nan a wuya kamar laya, don ruwan nono ya zo wa mai shayarwa. Ya duba fuskokinsu ya ce wannan rubutu ne.

18 ga Janairu

Kayan aiki sun haɗu. Yumɓun daga wajen wata dattijuwa mai ginin tukwane a bayan gari muka samo. Da na yi mata bayani, ta murza wani curi tsakanin yatsunta ta ce, "Malam, wannan na tukunya ne, akwai tsakuwa. In zane kake so ya fito, sai an jiƙa an tace, a bar shi ya kwana." Na ce, "Inna, to ki tace mana." Ta ƙi karɓar kuɗin tacewa, na yumɓun kawai ta karɓa.

Dutse ya fi ƙarfinmu a yanzu, don haka sabulun wanki mai tauri za mu yanka mu sassaƙa da basilla da reza. Hotunan da za mu kwaikwaya daga babban kundin hatiman Minowawa da Mikenawa, wato Girkawan dā, muke ɗaukowa, wanda ake taƙaita sunansa da CMS. An kafa aikinsa a Marburg ta Jamus a 1958, daga baya ya koma Heidelberg, yana ɗauke da hatimai da sawunsu fiye da 10,000, kuma ana iya duba shi a intanet. Abin da ya fi ba yaran mamaki shi ne ƙanƙanta. A allon waya hatimi yana cika fuska. Da muka auna da rula muka zana a takarda, yawancinsu ba su wuce santimita ɗaya da rabi zuwa biyu ba, kamar ƙwallon dabino.

1 ga Fabrairu

Asabar biyu muna sassaƙa. Mun yi masu fuska uku guda huɗu, da masu fuska huɗu guda uku, kowanne da huda a tsawonsa don zura kirtani.

Irin waɗannan hatimai sun yi tashe a zamanin fadojin farko, wajen 1800 zuwa 1700 kafin Miladiyya, musamman a arewa da gabashin tsibirin. A Maliya, a unguwar da masu tono na Faransa suka laƙaba wa harafin Girkanci Mu, an samu ɗakin mai sassaƙa hatimi sukutum: guntayen dutse mai laushi, kayan gogewa, da hatimai da dama da ba a ƙarasa ba ko suka fashe a hannunsa. Wuta ce ta cinye unguwar wajen 1700. Masu fuska uku na dutse mai laushi yawanci hotuna ne a kansu, tulu, akuya, gizo-gizo, mutum a zaune. Rubutun ya fi yawa a kan masu fuska huɗu na dutse mai tauri, kore ko ja mai sheƙi, waɗanda sai da ƙaramin faifai mai juyawa ake iya yanka su. Wato hatimi mai rubutu ba abin kowa da kowa ba ne.

Yaran sun shigo da tunanin hatimin sarakunanmu, irin wanda ake gani a kan wasiƙun zamanin Daular Usmaniyya: sunan mai shi a tsakiya, a shafa tawada a buga a takarda. Sai suka ɗauka kowane hatimin Kirit suna ne. Na shimfiɗa musu hotuna goma sha biyu na ce su nemo abin da ya maimaitu. Ba a yi minti biyar ba wani yaro ya gano. Alamomi biyu suna ta dawowa tare, ɗaya kamar cokalin magini, ɗaya kamar kibiya. A kundin rubutun zane na Kirit da Jean-Pierre Olivier da Louis Godart suka fitar a 1996, mai ɗauke da rubuce-rubuce 331, lambobinsu 044 da 049. Akwai kuma cokalin magini da ido, 044 da 005, da wani jeri na uku, 038-010-031. Hatimai masu yawa daga garuruwa dabam-dabam suna ɗauke da su. Na tambaye su: mutum nawa ne za su yi suna ɗaya? Wata ta ce, "Sai dai in sarauta ce, kamar a ce Ma'aji ko Magaji." Wannan ita ce ɗaya daga cikin fassarorin masana, cewa muƙami ne ko sashen aiki. Wasu kuma suna ganin kalmar aiki ce, irin wadda ake bugawa a kan takardar kaya.

Hujjar da ta fi kama hankalina ita ce jerin 044-049 ba a kan dutse kaɗai yake ba. Magatakarda sun rubuta shi da tsinke a kan sandunan yumɓu na lissafi, kusa da lambobi. Ke nan ba ado ba ne, kalma ce da ake karantawa a ofis. Ni dai ina ganin mai hatimi mai fuska huɗu yana juya fuskar da ta dace da aikin da ke gabansa ne, kuma a haka za mu nuna shi a teburi, tare da bayyana cewa fahimta ce, ba karatu ba.

Mun yi gardama a kan juyawa. Abin da ka sassaƙa a dama, hagu yake fitowa a yumɓu. Masu sassaƙar Kirit sukan sa ɗan gicciye ƙarami a inda ake ganin karatu yake farawa. Mun sa namu.

8 ga Fabrairu

Hunturu ya yi mana ɓarna. Curi ashirin da shida muka danna muka jera a taga, da safe goma sha tara sun tsattsage. Inna ta ce a rufa su da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa, su bushe a hankali. Sabulu kuma yana manne wa yumɓu in ya yi laushi da yawa. Ɗigon man gyaɗa a fuskar hatimi ya magance wannan.

22 ga Fabrairu

Ranar da ta fi kowace rana zuwa yanzu.

A 1955 Doro Levi, shugaban masu tonon Italiya a Faistos da ke kudancin tsibirin, ya samu guntayen yumɓu masu sawun hatimi fiye da 6,000 a ƙarƙashin daɓen ɗaki mai lamba 25. Hatimai sama da 300 ne suka bar wannan sawun. Kowa fuskar yake kallo, zakoki da furanni da zanen sarƙa. Enrica Fiandra ce ta kifa su ta duba bayansu. Ta ga rami mai siffar turke, da sawun igiya a kewaye, da zanen itace a gindi. Daga nan ta nuna cewa ƙofofi da akwatuna ake rufewa da su.

Muka kwaikwaya. Kafinta ya kafa mana turaku biyu masu kai kamar na tsohuwar ƙofa, ɗaya a marfin akwatin katako, ɗaya a jikinsa. Aka ɗaura igiya daga wannan zuwa wancan, aka naɗe, aka shafe naɗin da curin yumɓu, mai riƙe da hatimi ya danna sau biyar ko shida har ya rufe ko'ina. Na sa biskit a ciki, na naɗa wata ɗaliba ma'aji, kuma duk mai son buɗewa sai ya fasa yumɓun, a ajiye fasasshen a kwano, a sake rufewa.

Bayan buɗewa tara, na juye kwanon a tabarma na ce wa wani yaro da bai halarci farkon zaman ba ya faɗa mana abin da ya faru. Ya tsuguna yana kifa guntayen ɗaya bayan ɗaya. Ya ce igiya iri biyu aka yi amfani da su, don ɗaya murɗinta ya fi kauri. Gaskiya ne, ta farko ta tsinke mun sake. Ya ce turken yana da tsaga a gefe ɗaya. Da muka duba, ga tsagar nan, mu da muka yini da akwatin ba mu lura ba. Sannan ya ware guntayen bisa hatimi ya ce mai alamar ido ta rufe sau shida, mai kibiya sau biyu, mai tulu sau ɗaya, don haka mai ido ce ke riƙe da akwatin. Bai karanta harafi ɗaya ba.

Ɗalibar da ta yi tambayar nan ta zangon baya tana tsaye a kansa. Ta ce, "Malam, ashe haka suka yi." Haka suka yi. Judith Weingarten ta ƙirga sawun Faistos ta nuna cewa hatimai kaɗan ne suka yi mafi yawan dannawar, sauran kuwa sau ɗaya ko biyu suka bayyana. Akwai masu ɗakin, akwai masu zuwa karɓa. Kuma tara fasassun a wuri ɗaya yana nuna ana adana su ne don a yi lissafi da su kafin a zubar.

Abin lura da na sa yaran suka rubuta: hatiman Faistos kusan duk ba su da rubutu. 'Yan allunan da aka samu a can da Linear A aka rubuta su. A lokaci guda, a Maliya da Knossos da Fetras kusa da Sitiya, inda Metaxia Tsipopoulou ta tono ɗakin ajiyar takardu, rubutun zane ake yi, a kan hatimi da kan curi mai siffar jinjirin wata da ake ginawa a jikin kirtani. Tsibiri ɗaya, tsarin ofis biyu.

15 ga Maris

Azumi ya sa mun ajiye yumɓu, karatu kawai muke yi. Na ba su labarin maƙabartar Furni da ke Arhanes, kudu da Knossos, wadda Yannis da Efi Sakellarakis suka tono. A can aka samu hatiman ƙashi da na haure masu ɗauke da rubutu mafi tsufa a tsibirin, wajen shekara ta 2000 kafin Miladiyya. Jerin alamomi biyar ne ke maimaituwa a kansu. Wani jeri mai kama da shi yana fitowa daga baya a Linear A a kan teburan dutse na zuba sadaka a wuraren ibada, kuma in aka ara sautin Linear B, rubutun Mikenawa mai kama da shi wanda Michael Ventris ya warware a 1952, ana furta shi a-sa-sa-ra-me. Wannan ya sa na rage ƙarfin wata jimla a rubutun teburinmu. Na rubuta da farko cewa hatimi mai rubutu kayan ofis ne. Na mayar da ita: kayan ofis ne, amma tun farkonsa yana tafe da addini, har kabari ake binne mutum da shi.

12 ga Afrilu

Mun tsallaka zuwa zamanin fadoji na biyu, wanda ya ƙare da gobarar da ta ci garuruwa da yawa wajen 1450 kafin Miladiyya. A nan abu ya juya. Rubutun zane ya ɓace, Linear A ya mamaye tsibirin, kuma rubutu ya sauka daga kan dutsen hatimi. Hatiman wannan zamani hotuna ne, bijimai, tsuntsaye, mata masu faffaɗan zane. Rubutun ya koma kan yumɓu, da kan wani abu da ba mu da shi ko ƙyalle ɗaya.

A 1901 David Hogarth ya tono wani gida a Zakros, a ƙarshen gabas, ya samu curi sama da 500 a wuri ɗaya. Yawancinsu gindinsu a shafe yake, da sawun zare siriri da ninkin wani abu mai santsi. Binciken baya ya nuna fata ce, siririya ƙwarai, an ninke ta ƙanƙanuwa an naɗe da zare an ɗora yumɓu. Wasiƙu ne ko takardun yarjejeniya. Wuta ta ci fatar, ta gasa yumɓun.

Na je wajen wani dattijo baduku a kasuwa. Na ce, "Baba, fatar da ta fi kowace siranta nake so." Ya ba ni ta akuya da yake yin layu da ita. Muka yanka murabba'i mai faɗin tafin hannu muka ninke, sai ya fito kamar akwatin ashana, ya ninka abin da muke nema sau uku. Na koma. Ya saurare ni, ya ɗauko wuƙarsa ya kwantar da ita, ya dinga fefe bayan fatar a kan dutse har haske yana ratsa ta. Ya ce, "Wannan kam in ka ja da ƙarfi ta yage, me za a ɗinka da ita?" Na ce rubutu za a yi. Ya ce to ta yi.

Da ita muka samu ƙunshi mai tsawon santimita biyu. Akwai dabarar da sai da muka lalata shida muka gane: ba a gama naɗin zare sannan a sa yumɓu. Ana naɗawa kaɗan, a ɗora yumɓu, a ci gaba da naɗawa ta cikinsa, a rufe da wani yumɓun, sannan a danna. Ta haka ba mai zare wasiƙar ba tare da ya fasa ba. Da muka buɗe ɗaya muka gwada rubutu da tawadar allo, layi biyar zuwa shida na ƙananan alamomi ta ɗauka. Saƙo gajere ne, amma saƙo ne.

Wa ke aikawa? Sawun manyan zobban zinariya, masu hoton saurayi yana tsallake bijimi, an same su a garuruwa masu nisa da juna: Ayiya Triyada a kudu, Sklavokambos a tsakiya, Gurniya da Zakros a gabas. Zobe ɗaya tak mai hoton keken doki ya bar sawunsa a Ayiya Triyada da Sklavokambos, ya kuma bar shi a Akrotiri, a tsibirin Tera, a kan yumɓun da aka kawo daga Kirit. Dutse mai aman wuta ya binne Akrotiri shekaru masu yawa kafin a ƙone Ayiya Triyada. Ke nan zoben ya daɗe yana aiki, mai yiwuwa ya wuce hannun mutum fiye da ɗaya. Yawancin masana Knossos suke kallo a matsayin inda wasiƙun ke fitowa. Mun zana taswira mun ja jan zare tsakanin garuruwan.

3 ga Mayu

Yau ranar waina ce. Yaran ne suka raɗa wa faifan yumɓun nan wannan suna, kuma ya bi shi. Ɗan faifai ne da ba a liƙa shi a komai, ana rubuta alama ko kalma a fuskarsa da Linear A, a danna hatimi a gefensa a kewaye. An samu da yawa a Haniya, a yamma, wasu ma har Samotiraki, tsibirin da ke can arewacin tekun. Erik Hallager, wanda ya yi musu nazari mai zurfi ya wallafa a 1996, ya ce rasit ne: dannawa nawa, kaya nawa. Ka karɓi tumaki huɗu daga ma'aji, ka danna hatiminka sau huɗu, wainar ta zauna a wajensa shaida.

Mun gwada da littattafan ɗakin karatu. Wani yaro ya yi ƙoƙarin ƙara dannawa ɗaya bayan awa biyu, da izinina, don mu ga ko ha'inci zai yiwu. Gefen ya tsage, sawun kuma ya fito dishi-dishi. Ko da yumɓun bai bushe ba, ma'aji ba zai iya ƙarawa ba, don hatimin yana wuyan mai karɓa. Mai karɓa kuma ba sai ya iya karatu ba, ƙirga kawai zai yi. Wannan ya burge ni ƙwarai, tsari ne da mai ilimi da marar ilimi za su amince da shi tare.

Mun kuma yi curi mai huda ɗaya, irin wanda aka samu ɗaruruwa a Ayiya Triyada tare da alluna kusan 150. Ana gina shi a kan ƙullin bakin kirtani, hatimi a fuska ɗaya, alama guda ta Linear A a ɗaya fuskar. 'Yan alamomi kaɗan ne ke ta dawowa. Wajen riƙe curin don dannawa, sawun yatsa biyu ne ke fitowa a baya, kuma haka yake a na asali. Wata ɗaliba ta daɗe tana gwada nata da hoton wani daga Kirit, babban yatsa a wuri ɗaya.

17 ga Mayu

Minowawa ba sa gasa yumɓun ofis. Kusan duk abin da ya iso gare mu gobara ce ta gasa shi. Don haka muka raba namu biyu. Rabi muka kai wa Inna ta sa a cikin ramin gashin tukwanenta, rabi muka bari ɗanye a kan katanga. Ruwan daren Laraba ya sauka a kan na katanga, da safe laka ce kawai, sai kirtani a kwance. Na wajen Inna sun dawo ja da baƙi, suna ƙara in an ƙwanƙwasa. Ƙunshin fata guda uku da muka sa, fatar ta tafi toka, sawun zaren ya fito tsaf, har ana ƙirga naɗi bakwai a bayan ɗaya.

Hatiman sabulu biyu sun soma narkewa da danshin damina. Na yi magana da wani mai sassaƙar dutsen niƙa ko zai samo mana dutse mai laushi, ya ce in dawo ranar kasuwa. Saura rubutun kwalaye guda shida, da madubi ƙarami da za mu sa a ƙarƙashin kowane curi don mai kallo ya ga bayansa ba tare da ya taɓa ba. Akwatin turke zai zauna a bakin teburi da yumɓu ɗanye a kwano, duk baƙon da ya zo zai rufe da kansa. Ranar Asabar mai zuwa za mu gwada da 'yan aji ɗaya mu ga minti nawa kowane mutum zai ci.